Sawu da Murya: Yadda Mutanen Gaɓar Kwara Suka San Allah

Wanda ya tashi daga garin Bagudo ya haye Kwara ta gadar Tuga, ko ya nufi Ka'oje da Tsamiya ko ya bi gaɓar kogi zuwa Illo da Lolo, ya shiga ƙasar da ta daɗe tana sauke baƙi masu ɗauke da saƙo. Fatake sun ratsa ta da goro da gishiri. Malamai sun zo mata da allo da tawada. Turawan mulki sun zo da igiyar awo, 'yan mishan kuma suka zagayo ta da Littafi Mai Tsarki. Ni ɗan wannan ƙasa ne, jinin Kyangawa ta wajen uba, Kirista, na kuma daɗe ina koyar da masu shirin baftisma. Matasa sukan tambaye ni: "Baba, kakanninmu da suka rasu kafin bishara ta iso, sun san Allah kuwa?" Abin da na tsaya a kai shi ne sun san shi, sani na gaske, amma sanin bai kai su inda zuciyarsu take nema ba. Tarihin ƙasar nan ne ya fara koya mini haka, kafin littattafan tauhidi su ba ni sunan abin.

Tun ba a san wata iyaka ba, wannan yanki mahaɗar al'ummai ne. Akwai Kyangawa, waɗanda harshensu ɗan'uwan Busanci ne da Shanganci da harshen ƙabilar Boko ta ƙasar Segbana. Akwai Dandawa da Zabarmawa, akwai Sarkawa masu jirgi da mashi, akwai Fulani da shanunsu, ga Hausawa da kasuwa ta kawo. Kowace al'umma a cikinsu tana da sunan da take kiran Mahalicci da shi. Busawa suna cewa Luda, mutanen Boko suna cewa Lua, Dandawa da Zabarmawa suna cewa Irkoy, Bargawan Nikki suna cewa Gusuno. Gaskiya ne Musulunci ya daɗe a ƙasar Dandi, musamman bayan 1591 da sojojin Maroko suka karya daular Songhai, Askiyawa suka gangaro kudu suka kafa mulki a nan. Amma Busawa da Bargawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna riƙe da addinin iyayensu, kuma sunan Mahalicci yana bakinsu duk tsawon lokacin nan. Ba baƙo ne ya kawo musu shi ba.

Sarkawa su ne suka fi kowa sanin kogi, su ne kuma suka fi kowa tsoronsa. A wajensu da wajen Zabarmawa, ruwa yana da uwargijiya, Harakoy Dikko, tsawa kuma tana da mai ita, Dongo. Wani Bafaranshe, Jean Rouch, wanda ya gangaro Kwara cikin kwalekwale a 1946 zuwa 1947, ya rubuta littafi kan wannan addini a 1960, ya kuma ɗauki fim na bikin Yenendi da ake yi don roƙon ruwa idan bazara ta tsananta. Abin lura a bayaninsa shi ne duk ƙarfin iskokin nan, a ƙarƙashin Irkoy suke. Ana yi wa Dongo kirari, ana yanka masa dabba, amma ba shi ake cewa ya yi sama da ƙasa ba.

Haka na tarar a gidanmu. Kakana yana da tukunyar tsafi a gindin wata tsamiya bayan gida. Kafin shuka yakan zuba gumba, bayan girbi yakan yanka jan zakara, kuma ba mai taɓa sabon gero sai an yi wannan. Amma idan hadari ya taso daga gabas ya wuce bai zubar ba, ba tukunyar yake kallo ba. Sama yake ɗaga kai ya ce Mai Sama ya ƙi. Idan aka ci amanar maraya, ko aka tauye mudu, ko aka matsa iyakar gona da dare, yakan ce akwai mai gani. Ba wanda ya karanta masa dokoki goma, amma ya san sata laifi ce, ya san baƙo yana da hakki, ya san jinin mutum ba ya zuba a banza. Na taɓa tambayarsa dalilin da ya sa yake yi wa iskoki yanka, ba ya yi wa Mai Sama. Ya ce: "Jikana, shi ya yi nisa. Waɗannan su ke kusa, su ke cutarwa, su ake lallashi." A cikin wannan amsa akwai sanin da ƙasar nan take da shi, akwai kuma inda sanin ya tsaya.

Sarautar Illo tana cikin tsofaffin sarautun Bargu, tare da Busa da Nikki, kuma duka ukun suna jingina asalinsu ga Kisra. Labarin baka ya ce Kisra ya baro gabas ne saboda ya ƙi karɓar Musulunci, zuriyarsa suka haye Kwara suka kafa garuruwan nan. Turawan farko da suka shigo Bargu sun yi ta ɗoki da wannan labari. Wasunsu suka rubuta cewa ɓurɓushin wani tsohon Kiristanci ne, Leo Frobenius na Jamus kuma ya danganta Kisra da sarkin Farisa. Na ji wasu 'yan'uwa Kirista suna kama wannan magana don su nuna cewa kakanninmu Kirista ne da suka manta. Ba na bin su a nan. Babu majami'a, babu littafi, babu baftisma da aka tarar a Bargu. Ba ma bukatar ƙirƙiro wa iyayenmu tarihin da ba nasu ba kafin mu girmama su. Abin da suke da shi ya isa a tsaya a dube shi yadda yake.

Littafin Musulunci kuwa ya riƙa shigowa Bargu ta hanyar Gwanja. Ayarin fatake daga Kano da Katsina, daga baya Sakkwato da Jega, sukan haye Kwara a wajajen Illo da Gaya, su bi ta Kandi da Zugu har Salaga, su kai kanwa da tufafi da gishirin Foga, su dawo da goro. A zango akwai malami, akwai masallaci, akwai mai rubuta laya. Sarakunan Bargu sukan karɓi addu'ar malami, su kuma ci gaba da tsafinsu.

Kafin jihadin 1804, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa ya zo ƙasar nan. Ƙanensa Abdullahi na Gwandu ya ba da labari a Tazyinul Waraƙat cewa a yawonsu na wa'azi sun bi ƙasar Kabi, sun haye Kwara har Illo. Shehu bai zo ya sanar da mutanen Illo cewa akwai Mahalicci ba. Ya zo ya kira su su daina haɗa shi da wani, su bi abin da aka saukar. Akwai kuma wani abu a tarihinsa da ya dace Kirista su sani. A zamaninsa wasu ɗaliban ilimin tauhidi suna kafirta talakawa saboda ba su iya jero hujjojin samuwar Allah yadda littattafai suka tsara ba. Shehu ya yi rubuce-rubuce da dama yana ƙaryata su, yana kare imanin manomi da makiyayi. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda su ne mafi yawa a Bagudo yau, suna bambanta ayoyin Allah da ke cikin halitta da wahayin da ya sauko wa annabawa. Mun sha bamban da su kan mene ne cikar wahayin, ba kuma zan ɓoye wannan ba. Amma rabon gida biyu ɗin nan, mu da su duk mun san shi.

Sai Turawa suka zo da gasarsu. A 1894 Lugga na Ingila ya yi tsere da Faransawa zuwa Nikki don ƙulla yarjejeniya. Ranar 14 ga Yuni 1898 Ingila da Faransa suka sa hannu a Faris, suka raba Bargu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila, layin kuma ya taɓa Kwara mil goma sama da Giris, tashar jiragen Illo. Cikin shekarun farko na mulkinsu Ingilishi suka yanke Illo da Ka'oje daga Bargu suka haɗa su da Gwandu a lardin Sakkwato, abin da yana cikin ɓacin ran da ya kai ga tawayen Busa a 1915. Wannan canji ya shafi tarihin bishara kai tsaye. Bayan cin Sakkwato a 1903 Lugga ya yi alkawarin ba za a taɓa addinin Musulmi ba, gwamnati kuma ta daɗe tana hana 'yan mishan zama a ƙasashen sarakunan Musulunci. Illo ta zama ƙasar Gwandu, don haka ƙofa ta rufe, ko da yake ƙauyuka da yawa a lokacin suna kan addinin gargajiya.

Shi ya sa bishara ta zagayo ta gefe biyu. Ta gabas, mishan ɗin UMS, wanda ya haifi ikkilisiyar UMCA, ya buɗe Salka a 1923, Zuru a 1925, daga baya Yelwa ta Yawuri. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Mila na Zariya ya yi wa jagora, shi ne kuma littafin da masu bishara 'yan ƙasa suka riƙa sawa a jaka. Ta yamma, mishan ɗin SIM ya shiga Dahome a 1946, ya zauna a Kandi da wasu garuruwan arewa. A Segbana, wadda hanyar Tsamiya take kaiwa, Ross Jones na Ostireliya ya yi shekaru masu yawa tare da mutanen wurin suna fassara Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Boko, aikin ya kuma kai ga Busanci. Masu fassarar ba su ƙago wa Allah sabon suna ba, Lua da Luda suka rubuta. Da haka suka amince cewa wanda ya yi magana a cikin Littafi shi ne wanda iyaye suke ɗaga kai suna ambata. Lamin Sanneh, masani ɗan Gambiya, ya gina littafinsa na 1989 a kan irin wannan lamari a faɗin Afirka.

Ƙauyenmu ba Bature ne ya kawo mana bishara ba. Wani mai bishara ne daga ƙasar Zuru, a kan keke, da Littafi na Hausa da ɗan maganin ciwon ido. Ya gaida kakana a durƙushe, ya nemi izini ya yi magana a ƙofar gida. Ya fara da halitta, da ruwan sama, da wanda ya yi Kwara. Kakana ya saurara har ya gama, sannan ya ce: "Malam, wanda kake faɗi ɗin nan mun san shi, shi ke ba da ruwa. Abin da ba mu sani ba shi ne ko ya san da mu." Mai bishara ya ce: "Baba, ya san da ku. Abin da ya kawo ni ke nan." Daga nan ya shiga labarin Yesu Almasihu. Mahaifina ya ba da gaskiya, aka yi masa baftisma a kogi. Kakana bai hana shi ba, bai kuma bi shi ba. Ya rasu tukunyarsa tana gindin tsamiya.

Masanan tauhidin Kirista suna kiran abin da kakana yake da shi wahayi na gama-gari, wato yadda Allah yake bayyana kansa ga kowane ɗan Adam ta halitta, da lamiri, da tanadinsa na yau da kullum. Abin da mai bishara ya kawo kuma suna kiransa wahayi na musamman, wato maganar Allah ta bakin annabawa da manzanni, wadda ta cika a cikin Almasihu, aka kuma rubuta ta a Littafi. Makiyayin da ya ga sawu a laka a bakin mashaya zai gaya maka mutum ya wuce, babba ne, yana ɗauke da kaya, ya nufi yamma. Duk gaskiya ne. Amma sunan mutumin da abin da ke ransa game da kai, sai ya juyo ya yi magana.

Littafi Mai Tsarki da kansa yana riƙe da gida biyun nan. Zabura 19 ta fara da shaidar sararin sama, sannan ta koma kan shari'ar Ubangiji. A Ayyukan Manzanni sura 14, da Bulus ya tsaya gaban mutanen Listira masu shirin yi masa hadayar bijimai, bai karanta musu Attaura ba. Ruwan sama da damina mai albarka da ƙoshi ya nuna musu a matsayin shaidar Allah. Wannan wa'azi ne da kowane manomin shinkafa a fadamar Kwara zai gane. A Romawa sura 1 ya koyar cewa ikon Allah a fili yake cikin halitta, amma mutum ya karkatar da sujadarsa ga abin da aka halitta. A sura 2 ya yi maganar lamiri mai ba da shaida a zuciyar waɗanda ba su da Attaura. Karniliyus kuwa, a Ayyukan Manzanni sura 10, mai tsoron Allah ne, an ji addu'arsa, duk da haka aka aiko masa Bitrus.

Ikkilisiya ta daɗe tana muhawara kan nauyin kowane gida. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya koyar cewa hankali yana iya kaiwa ga sanin akwai Allah, amma asirai irin su Triniti sai an bayyana. Majalisar Vatican ta 1870 ta tabbatar da wannan ga Katolika. Yohanna Kalbin ya ce an dasa sanin Allah a zuciyar kowa, sai dai zunubi ya dushe ganin. A 1934 Karl Barth ya yi wa Emil Brunner raddi mai zafi, ya ƙi yarda da duk wani sanin Allah da ba ta wurin Almasihu ba. Barth yana da dalili, domin a gabansa wasu Kiristan Jamus suna cewa Allah ya bayyana nufinsa a cikin jininsu da ƙasarsu da Hitila. Wannan gargaɗi ne da bai tsufa ba. Duk al'ummar da ta ɗauki al'adarta a matsayin muryar Allah, za ta iya halatta kowace irin ɓarna.

Mu a Arewa muna da namu malami a wannan fage. Byang Kato, haifaffen Kwoi a 1936, ya zama babban sakataren ECWA, ya kuma rasu a teku kusa da Mombasa a 1975, shekarar da littafinsa kan haɗurran tauhidi a Afirka ya fito. Ya duba addinin mutanensa na Jaba, waɗanda suke kiran Mahalicci Nom. Ya yarda sun san akwai shi, amma ya ce wannan sani ba ya ceto, ya kuma yi jayayya da John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu, waɗanda yake ganin sun ba addinin gargajiya matsayin da ya wuce kima. Majalisar Vatican ta biyu kuwa, a 1964, ta koyar cewa wanda bai ji bishara ba, ba da laifinsa ba, yana neman Allah da zuciya ɗaya yana bin lamirinsa, alherin Allah yana iya kai shi ga ceto. Ina tare da Kato cewa babu mai ceto sai Almasihu, kuma tukunyar kakana ba ta ɗauke zunubin kowa ba. Amma hukuncin kakana ba a hannuna yake ba. Ibrahim ya dogara cewa Mai shari'ar dukan duniya zai yi daidai, nan ni ma na ajiye maganar. Ba na tsine wa kakana, ba na kuma ba shi shaidar da Littafi bai ba ni ikon bayarwa ba.

Wannan tarihi yana ɗora mana nauyi. Mai wa'azin da ya tsaya a kasuwar Illo ko ta Tsamiya ya ce iyayen mutane ba su san komai ba sai duhu, ya yi musu ƙarya, ya kuma saɓa wa Bulus. Dattijon da ya ji haka zai toshe kunne, kuma da gaskiyarsa. Wanda kuma ya ce sanin iyaye ya wadatar, to bai saurari iyayen ba, domin su da bakinsu suka ce Mai Sama ya yi nisa, su ne suka kwana da tsoron iskoki da maita. Bishara amsa ce ga tambayar da suka riga suka yi. Sannan idan Allah ya ba kowa lamiri, to Kirista da Musulmi a bakin iyakar nan suna da abin da za su tsaya a kai tare: mudu na gaskiya, amanar maƙwabci, hakkin manomi da na makiyayi, da kiyaye kogin da duka muke sha. Wanda ya zuba guba a ruwa don kama kifi ya san ya yi laifi, ko wane littafi yake karantawa.

Akwai kuma aiki na gaggawa. Harshen Kyangawa yana ƙarewa. Yawancinmu Hausa ko Dandanci muke yi, ƙauyuka kaɗan ne suka rage da masu jin sa, Ross Jones ma ya tattara kalmominsa ne daga bakin waɗanda suka saura. Idan dattawan nan suka tafi, za su tafi da addu'o'in shuka, da kalmomin rantsuwa, da karin maganar da iyayenmu suke ambaton Mahalicci da su. Ina roƙon fastoci da malaman makarantun Littafi Mai Tsarki na Kebbi da na ƙetaren Benin su tura ɗalibansu ƙauyuka da waya da littafin rubutu, su zauna gaban tsofaffi da ladabi, su tambaya, su rubuta, kada su gyara musu magana. Wanda zai gaya wa mutane abin da Allah ya faɗa a cikin Ɗansa, wajibi ne ya fara sanin abin da Allah ya riga ya nuna musu, domin daga nan ne maganarsa za ta samu wurin shiga.